Ranar da Raƙumi Ya Bar Watanda

Dalilin da ya sa raƙumi yake da fiƙa irin ta masu cin nama, amma ba ya cin komai sai ƙaya da ganye, ya faro ne ran wata Laraba da la'asar sakaliya, a tsakiyar bazarar shekara ta biyu ta babban fari. Ku matso, yara, ku ajiye tsakuwoyin nan. Wanda ya taɓa leƙa bakin tsohon raƙumi a cikinku ya ga haƙoran da nake faɗi. Ba don ado aka yi su ba.

A wancan zamani raƙuma mafarauta ne, kamar zaki da damisa. Akwai wani ɗan raƙumi mai suna Jatau, wanda uwarsa ta mutu a bakin Tafkin Gawo tun bai iya tsayuwa sosai ba. Wata akuya da ake kira Kyallu ta zo shan ruwa ta same shi yana kuka. A lokacin tana shayar da ɗanta Tunau. Kan nono biyu gare ta, sai ta bar wa Tunau ɗaya, ta ba maraya ɗaya. Da yake Jatau ya fi ta tsawo tun ran farko, ba ya iya sha sai ya durƙusa. Kantar da kuke gani a gwiwar raƙumi, a nan ta samo asali.

Jatau da Tunau suka tashi tare. Wata rana suna guje-guje, Jatau ya taka ƙafar gaba ta Tunau, ta karye. Kyallu ta yi masa ɗori da karan dawa, ta ɗaure da igiyar kalgo. Ƙashin ya haɗe, amma ya bar ƙulli kamar ƙwallon kanya, kuma Tunau bai daina ɗingishi ba. Bai riƙe abin a zuci ba, sai dai ya mai da shi abin tsokana. Duk sanda suka haɗu sai ya ce, "Dogo, yaushe za ka biya ni ƙafata?"

Jatau ya ce, "Sai na yi arziki."

"Wayyo, ashe na mutu gurgu."

Da Jatau ya girma, fiƙa ta fito masa, ciyawa ta daina yi masa daɗi. Dila, wanda shi ne mai rabo a wurin masu cin nama, ya zo har gida ya ce da shi, "Kai ɗan Iya, har yaushe za ka yi ta kiwo da waɗannan haƙora? Kai namu ne. Ka zo watanda."

Jatau ya dubi Kyallu. Ta ce, "Je ka, Dogo. Kowa da abin da cikinsa yake karɓa, ba ni na halicce ka ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka ci na gidana."

Ya ce, "Haba, Iya. Har sai kin faɗa?"

To, ga yadda watandarsu take. Kowace Laraba ɗaya daga cikinsu ne yake kawo nama, bi da bi. Tun a daji zai cire fata da kai da kofato ya binne, ya kawo tsoka da ƙashi kawai. Dila ya raba tsibi-tsibi. Ungulu ta juya baya, Dila ya nuna tsibi ya ce, "Wannan na wa?" ita kuma ta ambaci suna. Doka biyu gare su. Ta farko, wanda Larabarsa ta zo bai kawo komai ba, shi ake rabawa. Ta biyu, wadda suka fi girmamawa, ba a cin naman wanda aka san sunansa, ko aka taɓa gaisawa da shi a da'irar watanda. Shi ya sa ba a tambayar naman wa ke cikin tsibi. Tafki ɗaya duk dabbobi suke sha, kuma kowa yana so in ya haɗu da maƙwabci da safe ya iya ce masa ina kwana ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Shekaru Jatau yana zuwa watanda, yana ci, yana komawa ya gai da Iya. Bai taɓa tambaya ba, kuma bai taɓa jin komai ba.

Sai fari ya zo. Tafki ya janye har ya zama kamar faifai, barewa da gada suka yi nisa. A Larabar da na faɗa muku, Damisa ce da kawowa, kuma abin da ta kawo bai cika tsibi biyar na kirki ba. Ungulu ta juya baya. Dila ya ce, "Wannan na wa?" Ta ce, "Na Jatau."

Jatau ya kwana biyar bai sa komai a baki ba. Ya ci da sauri, ya cinye tsokar, ya kama ƙashi yana gwaguya. Wani tsini ya tsage masa leɓen sama gida biyu. Ya tofar da ƙashin a ƙasa don ya ga abin da ya yanke shi. Ƙashin ƙafar gaba ne, siriri, da ƙulli a tsakiya kamar ƙwallon kanya.

Ya ɗauki ƙashin a baki ya nufi gida. Tun daga nesa yake jin muryar Kyallu, ta dishe, tana kiran Tunau, don tun hantsi ya fita neman ganye bai dawo ba. Jatau ya durƙusa a gabanta ya ajiye ƙashin.

Ta daɗe tana duban ƙashin. Ta ce, "Ni na ɗora shi. A ina ka samo?"

"A tsibina, Iya."

"Ka ci?"

"Na ci. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ai don kada ku sani kuke yi." Sannan ta ce, "To, ka ƙoshi?"

Da ta tsine masa, da ya fi masa sauƙi. Ya kifa kai a ƙasa. Sai ya ji harshenta a fuskarsa, tana cewa, "Ɗago, jini kake zubarwa. Ɗaya ya tafi, kada na rasa biyu."

Laraba mai zuwa ta Jatau ce. Ya yi ta yawo a daji, bai ga ko gafiya ba, kuma da ya gani ɗin ma bai san ko zai iya ba. Ran Talata Dila ya tare shi a hanya, shi ma haƙarƙarinsa duk a waje.

"Ɗan Iya, gobe fa kai ne. Me ka tanada?"

"Babu."

"Kai dai da abin dariya kake. Ga nama a gidanka yana tafiya da ƙafa huɗu. Tsohuwar nan ba haƙori, ba ɗa, ba ciyawa. Ko ka bar ta ba za ta ga damina ba. Ka cire fata da kai, wa zai tambaye ka? Ai taimakonta ma za ka yi."

Kyallu ta ji duk abin da aka faɗa, don tana bayan wata aduwa a kwance. Da safe ta ce da shi, "Dila bai yi ƙarya ba. In ka je hannu wofi, kai za su raba. Ka kai ni, Dogo. Nonona ya raya ka sau ɗaya, namana ya raya ka na biyu, ba wani abu ba ne."

Jatau ya durƙusa ya ce, "Hau bayana, Iya."

Ta hau. A zatonta daji zai kai ta, inda ake binne fata. Sai ta ga ya miƙe da ita har tsakiyar da'irar watanda, inda Zaki da Damisa da Dila da Ungulu suke zaune suna jira. Ya durƙusa, ta sauko da ranta, da fatarta, da ƙahonta. Ba a taɓa ganin haka a wurin ba.

Jatau ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ita ce Kyallu, uwar Tunau, uwata. Iya, ga mutanena."

Ita kuwa tsohuwa ce mai tarbiyya, ba ta iya shiga taro ba gaisuwa, ko da taron masu cinye ta ne. Ta rusuna ta ce, "Sannunku da rana. Ina gajiya?"

Kun san gaisuwa ba ta jiran shawara. Kafin Zaki ya yi tunani, bakinsa ya riga ya ce, "Ba gajiya, Iya." Ungulu ta ce, "Ya gida?" Damisa ta kau da kai, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Dila kaɗai ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, an cuce mu."

Jatau ya ce, "Kun san sunanta, kun gaisa. Ban kawo komai ba, ga ni, ku raba. Amma ni ma kun san sunana."

Zaki ya ce, "Jatau, ka ɗaure mu da igiyarmu. Amma kada ka tafi kana ganin mu mugaye ne. Ni na gwada ciyawa a farin nan, na amayar da ita. 'Ya'ya biyu gare ni a gida, tun jiya ba su da ƙarfin kuka. Ba don daɗi muke cire fata da kai ba, don mu iya haɗiyewa ne."

Jatau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma da haka nake haɗiyewa. Yanzu kowane tsibi na duba, suna nake gani."

Zaki ya ce, "To ga hukunci. Tsohuwa ta tsira, kai ma ka tsira. Amma ka fita daga watanda, ka bar mana tafki, don ba za mu iya ganinku kullum da yunwa a cikinmu ba. Kuma muddin tana raye, ranar da ka sa nama a baki, ranar gaisuwar nan ta warware, ta zama tamu. Ungulu za ta bi ku ta sama, ita ce shaida. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya ɗauki Kyallu suka yi arewa, inda ba ciyawa, ba tafki, sai rairayi da farar ƙaya. Kada ku zaci abin ya zo masa da sauƙi. Watan farko cikinsa ya yi ta murɗawa, gashinsa ya zube, ya rame har iska tana kaɗa shi. Ƙaya ta farfasa masa dasashi. In iska ta kawo warin mushe, yawu ya cika masa baki, sai ya juya mata baya yana gurnani. Gurnanin nan ma bai bar raƙuma ba.

Kyallu ta riƙa koya masa kamar jariri. "Ba haka ba, Dogo, kai kullum sai gaggawa. Ganye ba ya gudu. Sa leɓen nan naka da ya tsage, ka zagaye ƙayar, ka tsinko. Haɗiye, ka dawo da shi, ka sake taunawa." Da haka ya iya tuƙa. Raunin da ƙashin Tunau ya yi masa, shi ya zama hannun da yake ci da shi. Sannu a hankali ƙarfi ya dawo, ba irin na da ba, mai tsalle da cafka, wani iri mai jimiri. Ya kuma lura ƙishirwa ta rage damunsa. Da can in ya ci nama ba ya iya nisa da ruwa, yanzu sai ya yi kwanaki bai nema ba.

Kyallu ba ta ga damina ba, kamar yadda Dila ya faɗa. Ta mutu wata safiya a gindin farar ƙaya, kanta a kan gwiwarsa. Ungulu ta sauko ta tsaya nesa kaɗan.

Ta ce, "Jatau, sannu da haƙuri. Sharaɗi ya ƙare, muddin tana raye aka ce. Ni shaida ce, ba wanda zai zarge ka. Dubi yadda ka koma. Ita da kanta ta ce namanta ya raya ka."

Jatau ya dubi gawar, ya ji yawu ya taru a bakinsa, don fiƙa ba ta san uwa ba. Ya haɗiye. Ya tona rami da ƙafa ya sa ta, ya ajiye ƙashin Tunau a gefenta, wanda ya yi ta ɗauka duk tafiyar nan, ya tura rairayi ya rufe. Ya ce, "Tunau, arzikin bai zo ba. Ga abin da na iya biya." Sannan ya miƙa wuya ya tsinki ƙaya.

Shi ya sa har yau raƙumi yake da leɓe a tsage, yake tauna ƙaya a hankali yana duban nesa, kamar mai tuna wani abu. Ban ce ku bar tsirenku ba, yara. Zaki ma gaskiyarsa ya faɗa. Amma in an sa muku nama a akushi, ku tuna da rai aka saye shi, kada ku yi wasa da shi, kada ku zubar.

Da ruwa ya dawo Tafkin Gawo, watanda ta riga ta watse. Damisa ta mutu, 'ya'yan Zaki biyu sun mutu. Waɗanda suka rage su ne Zaki, shi kaɗai; da Dila, wanda ba shi da abin rabawa; da Ungulu, wadda tun daga ranar take jiran mai rai ya mutu da kansa; da Jatau can arewa, da fiƙa a bakinsa wadda ba ta sake taɓa nama ba har yau.