Abin da ke Kwance a Cikin Ɓawo

Ƙawata, matso ki ji. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Akwai wata mata da ake ce wa Maiɗinki. Ta iya aikinta, sai dai ba ta son gyara. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ta zaga bayan gida ta tsinto naman kaza da ya tsiro a ƙasa, irin dunƙulallun nan farare masu kama da ƙwai.

Surukarta na zaune a bakin kicin tana jan carbi. Ta ce, "'Yar nan, tsaga kowanne biyu, daga sama har ƙasa. Mai kyau da mugu duk riga ɗaya suke sawa."

"Haba Inna, shekara nawa ina tsintar abin nan? Ga ɗinkin mutane na jirana."

Ta yanka manyan, ƙananan kuwa ta watsa su a tukunya yadda suke. Da suka nuna ta zuba wa Auta, 'yarta mai shekara huɗu, ta koma kan keken ɗinki.

Ashe ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Inna ta lalubo shi, ta sa wuƙa. Sai Maiɗinki ta ji salati.

Ta fito a guje. Mai kyau cikinsa fari ne sumul. Wannan kuwa, a cikin ɓawon ga wani ɗan naman kaza a naɗe, da hularsa da ƙafarsa, kamar ɗan tayi.

Inna ta ce, "Mai kisa ke nan. Ina Auta?"

Auta na tsakar gida tana lasar cokali, kwano wayam. Ta ce, "Umma, ƙaro min."

"Ai... ai lafiyarta ƙalau, Inna."

"Haka yake yi. Sai ya gama da hanta sannan a sani. Goya ta!"

Ko takalmi Maiɗinki ba ta tsaya sawa ba. Inna ta ƙulle tsagin a bakin mayafi ta biyo ta asibiti. Likita na ganinsa ya daina murmushi.

Kwana uku ana yi wa Auta ƙarin ruwa. Amai ya zo, yarinya ta yi laushi kamar tsumma. Maiɗinki ko abinci ba ta ci, sai dai ta ɗora hannu a ƙirjin 'yarta ta ji ko yana motsi.

Rana ta huɗu likita ya ce, "Ku gode wa Allah, hantar ta tsira. Da kun jira ta fara amai a gida, da wani zancen ake."

Maiɗinki ta zube ta kama ƙafar surukarta tana kuka.

Inna ta ce, "Tashi, mutane na kallo. Ni sai da muka binne ƙanena na koya."

Darasi: In babba ya ce ki duba, ki duba, ba ki san da me ya sayi saninsa ba. Tura wa iyaye mata su karanta. Amma ƙawata, in kin gane ko wace ce, don Allah ki bar shi a cikinki.