Jatau Marini da Shuɗɗan 'Yan Tsaki

Ku matso kusa, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani tsohon marini ne, sunansa Jatau. Tun yana yaro hannunsa ke cikin ruwan baba, har ya yi shuɗi zuwa gwiwar hannu. Rini kam ya iya. Amma kiwo, ko ƙuda bai taɓa kiwatawa ba.

Sai matarsa Tabawa ta kwanta ciwon ajali. Ba su da ɗa, ba su da jika, sai kaza guda wake-wake da ke kwanci a akurki. Tabawa ta ce, "Malam, ga kazata nan. Kada ka bari irinta ya ƙare a gidan nan."

Ya ce, "Na ɗauka."

Sai ta cika.

Ana nan, ran nan da hantsi ya ji ƙwas-ƙwas a akurki. Ya leƙa. Sai ga ƙwai yana tsagewa da kansa, ɗan baki ya ɓullo, abu jiƙe sharkaf ya faɗo. Kafin rana ta take, ya bushe ya miƙe yana tafiya. Jatau ya riƙe baki. Ya ce, "Ikon Allah! Jiya ruwa, yau ga shi da ƙafa!" Ya wuni a tsugune, ko marina bai leƙa ba, har 'yan tsaki shida suka fito.

To, ku kun san inda ɗan tsako yake, shirwa na sama tana lissafi. Ta zo tana shawagi tana waƙa:

"Jatau, Jatau mai shuɗin hannu,
Kai ka yi kiwo, ni in yi kalaci."

Sai fyau! Ta fyauce ɗaya.

Jatau ya kife sauran da kwando. Suka rasa tono, suka rasa gara, suka yi laushi. Kaza ta ce, "Maigida, buɗe su, kurkuku ba reno ba ne." Ya buɗe. Shirwa ta dawo da waƙarta, fyau! Ta ɗauke na biyu.

Sai ya ɗauko gora ya zauna gadi a gindin bango. Tsufa ya yi halinsa, gyangyaɗi ya sace shi. Bai farka ba sai da ya ji fyau! Na uku ya tafi.

Saura uku. Hankalin tsoho ya tashi. Ya ce, "Ni Jatau, me na iya a duniya? Rini. To, shirwa ɗan tsako ta sani, ba ta san shuɗin tsuntsu ba."

Ya kwashe su a hula ya nufi marina. Ya tsoma su ɗaya-ɗaya kamar rawani, ya shanya su a rana. Suka bushe suka fito shuɗi shar, suna ƙyalli. Ya kawo su gida yana taƙama.

Shirwa ta zo, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Waɗannan kuma 'ya'yan wane aljani ne?" Ta yi gaba abinta.

Jatau ya yi dariya har da buga cinya. Amma garin neman gira aka rasa ido. 'Yan tsaki suka ruga wurin uwarsu, sai ta kai musu sara. Ta ce, "Ku tafi can! Nawa farare ne."

Jatau ya ce, "Haba wake-wake, naki ne!"

Ta ce, "Ina da ido, Maigida."

Ya kai mata su da safe, ta kore su. Ya kai da rana, ta kore su. Ya kai da yamma, ta juya musu baya. Ga damina, ƙasa da sanyi. Ya sa su cikin rigarsa, amma ƙirjin tsoho ba fiffiken uwa ba ne. Suka daina cin tsaki, suka takure a tsakar gida. Jatau ya zauna ya yi kuka, don ya san da hannunsa ya yi wannan ɓarna.

Ita kuwa shirwa tana can sama tana lura. Ta ce, "Tsuntsun da ba shi da uwa, ko wane launi ne, nama ne." Ta naɗe fuka-fukai ta sako kai. Ta cafke ƙaraminsu.

Sai ɗan tsako ya tsala kuka: "Tsiyau! Tsiyau!"

Kaza tana can bayan rumbu, ba ta ganin komai. Kukan kawai ta ji. Yara, abin da Jatau ya gani ran nan, bai taɓa ganin irinsa ba. Kazar da ko danga ba ta iya tsallakewa, sai ga ta a sama! Gashinta ya tashi, ta zama kamar biyu. Ta haye kan rumbu, ta daka tsalle, ta ci karo da shirwa a iska. Sara, yakushi, gashi na zuba kamar ana sheƙar gero. Shirwa ta saki ɗan tsako, ta tsere ba waƙa.

Kaza ta faɗo tim. Ta miƙe da ƙyar, jini na bin fuskarta, ido ɗaya ya tafi. Ta buɗe fuka-fukai ta yi ƙuƙ-ƙuƙ. Shuɗɗan nan uku suka shige ƙarƙashinta, suka yi tsit.

Jatau ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Yaya aka yi kika gane su?"

Ta ce, "Gashinsu ka rina, Maigida, ba ka rina muryarsu ba."

Ya ce, "Wayyo, ga idonki ya tafi saboda wautata."

Ta ce, "Bar shi ya tafi. Shi ne ya ce mini ba nawa ba ne."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan. Ku dai ku riƙe wannan: ko duniya ta sauya wa ɗa kama, ranar da ya yi kuka, uwarsa ce za ta fara tashi.