Igiyar da Sajo Ya Ƙi Saki

Akwai wani makiyayi mai suna Sajo, a wata ruga yamma da Gagarawa Tasha, wajen shekarar 1953. Abu guda aka san shi da shi: igiya ba ta kuɓuce masa. In bijimi ya yi tawaye a kasuwar Maigatari, shi ake kira. Zai naɗe igiyar a wuyan hannunsa sau uku, ya kafa dugadugansa a ƙasa, ko bijimin ya durƙusa ko su kwana a nan. A bakin rijiya ma haka yake, kun kuwa san zurfin rijiyoyin ƙasar Gumel. Shi ma ya san an san shi, kuma ba ya jira a tambaye shi kafin ya ba da labari.

To, a wannan shekarar damina ta yi yawa. Ruwan da aka yi ta roƙo shi ne ya zo ya ƙi tafiya. Gero ya ruɓe a tsaye, dawa ta kwanta cikin laka. Ciwo ya kashe rabin shanun Sajo, ragowar ya riƙa kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana dawowa da hatsi, har turakun suka zama babu ko maraƙi.

Ana cikin wannan hali matarsa Rahamatu ta haifi ɗa namiji, bayan shekara bakwai suna jira.

Kwana biyu da haihuwa, nono ya ƙi zuwa. Jariri ya kama, ya tsotsa, ya saki, ya yi kuka. Goggo, ƙanwar mahaifin Sajo da ke kula da mai jego, ta ja shi bayan bukka.

"Sajo, kada wani ya ce maka iska ce ko maita. Yunwa ce. Wata uku yarinyar nan ganyen tafasa da dusa take ci. In ba ta sami abin da zai kama jikinta ba, ɗan nan ba zai kai suna ba."

"Goggo, me ya rage ban sayar ba?"

"Ban ce ka sayar ba, cewa na yi ka nemo. Zan riƙa ɗiga masa ruwan dabino. Amma kada ka wuce kwana biyu."

Ya zaga rugagen kusa, bai sami saniya mai tatsa ba, masu sauran shanu duk sun yi arewa da su. Ya shiga gari, gidan da ya yi sallama sai ya tarar sun fi shi fuskar tausayi. Nan ne ya tuna da Ubale, wani tsohon masunci da ke kawo bandar kifi tasha ranar kasuwa. Sajo ya sha toshe hanci in ya zo wucewa ta gabansa, yana cewa shi kam ɗan nono ne, mai ƙarni ya matsa. Ubale dariya kawai yake yi.

Da asuba ya kama hanyar kudu, ciki babu komai. Yini guda ya yi yana tafiya, sai bayan la'asar ya ga kogi. Bai taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, ya cika ya tumbatsa har ya shanye bishiyoyin gaɓa. Ya daure ya tambayi inda Ubale yake.

Ya same shi zaune a gindin wata tsamiya yana wasa ƙugiyoyi. Ya durƙusa ya gaishe shi, irin gaisuwar da bai taɓa yi masa ba, ya zayyana masa komai.

Ubale ya ajiye ƙugiyar da ke hannunsa, ya ce, "Da ka zo shekaranjiya da ka tarar da banda. Yanzu ko ƙaya babu, kowa yunwa yake ji. Amma abokin aikina ya tafi jinyar uwarsa, jirgi kuma yana son mutum biyu. In za ka iya shiga da ni daren nan, abin da Allah ya ba mu ka kwashe ka tafi da shi."

"Baba, ko wuta ce zan shiga."

"Wuta tana da sauƙi, kana ganinta. Ka iya iyo?"

"Ban iya ba."

"To buɗe kunnenka, ɗan Fulani."

Ya sa shi ya tuɓe rigarsa da rawaninsa, ya ce riga a cikin ruwa likkafani ce. Ya ɗaura masa wata babbar gora a ƙirji, irin wadda masunta ke hawa, ya ja ƙullin har Sajo ya yi nishi. Tun da sauran haske ya zaga da shi ya nuna masa inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa da inda ruwa ke juyi, don abin da ba ka gani da rana ba, da dare shi zai gan ka. Ya leƙa wurin maƙwabcinsa ya gaya masa inda za su da lokacin da za su dawo. Ya rataya wa kansa wuƙa a wuya, ya cika fitilar ƙwai da kananzir.

"A cikin jirgi zama ake yi, ba a miƙewa, ko me ka gani. Sai na ƙarshe, shi ne babba." Ya ɗago wata igiya mai kauri da ƙugiya guda a bakinta, ɗayan bakin kuma an ɗaure shi a wuyan wata gora. "Wannan ta giwan ruwa ce, babban kifin kogin nan. In ka ji an ja da ƙarfi, ka jefa gorar a ruwa ka naɗe hannuwanka. Zai yi ta jan ta har ya gaji, da safe mu bi gora mu ɗauko shi. Kada ka kuskura ka naɗa igiyar nan a jikinka."

Sajo ya ce to. Amma a ransa ya yi murmushi. Shi za a koya wa riƙon igiya?

Bayan sallar isha suka tura jirgi. Babu wata, sai ɗan hasken fitila da ƙwari ke ta faɗa wa. Ubale yana baya yana tuƙi, Sajo yana tsakiya ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Suka shimfiɗa doguwar igiya mai ƙananan ƙugiyoyi a gefen ciyawa, suka koma suka jira. Jiran ne ya fi ci masa rai. Duk lokacin da wani tsuntsu ya yi kuka a cikin duhu, sai ya ji kamar muryar ɗansa.

Can dare ya raba suka bi igiyar suna ɗagawa. Allah ya yi musu buɗi. Tarwaɗa manya guda goma sha ɗaya, ga karfasa sun kai ashirin, suna ta fafur-fafur a ƙasan jirgi suna dukan ƙafafun Sajo. Mutumin da ke toshe hanci sai ga shi yana shafa bayan tarwaɗa yana hawaye.

Ubale ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan ya ishi mai jego romon mako biyu. Da mun sauka zan sa musu hayaƙi, kana yin sallar asuba ka kama hanya, gobe war haka ta sha ta ƙoshi. Riƙe wannan mu ja ta a hanyar komawa, in an dace an dace."

Ya maƙala ƙaramar karfasa mai rai a babbar ƙugiyar, ya jefa, ya miƙa wa Sajo igiyar, gorar tana kan cinyarsa.

Ba su yi nisa ba Sajo ya ji an taɓa. Sai kuma aka fizga, fizgar da ta ƙona masa tafin hannu. Wani abu ya juya a bayan jirgi, hasken fitila ya faɗa kan gadon bayansa, fari, ya kusa tsawon mutum.

"Giwan ruwa ne. Jefa gorar," in ji Ubale.

Sajo ya kalli gorar, ya kalli duhun da zai jefa ta ciki. Kifin nan kaɗai zai sayo buhun gero, har da ɗan akuyan suna. In ya saki, wa ya tabbatar masa za a ga gorar da safe? In wani ya riga su fa? Ya saki shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki gonarsa ga ruwa, yanzu kuma a ce ya saki wannan da hannunsa?

"Sajo, jefa."

"Baba, na tsayar da bijimin da ya fi shi."

"A kan ƙasa ka tsayar da shi. Saki igiyar nan."

Hannunsa ya riga tunaninsa. Sau uku ya naɗe igiyar a wuyan hannu, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya miƙe tsaye don ya kafa dugadugai. Babu abin kafawa a nan. Kifin ya nutsa, jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe, fitila ta mutu. Kafin ƙiftawar ido jirgin ya kife.

Ruwa ya shige masa hanci da baki. Gorar ƙirjinsa tana ɗago shi sama, igiyar tana jan shi ƙasa, hannunsa a tsakani. Ya so ya warware, amma naɗin da bijimi bai iya kwancewa ba, shi ma bai iya ba. Ya ji wani abu ya karye a wuyan hannun. In kansa ya fito ya ja rabin numfashi, sai a sake dulmiya shi. Ya kira sunan Allah da ruwa cike da bakinsa, ya tabbata tasa ta ƙare.

Ubale bai ga komai ba a cikin duhun. Ƙarar goruna biyu da ke bugun juna ya bi da iyo, har ya damƙi gashin Sajo. Ya laluba ya sami igiyar a miƙe kamar tsirkiya, ya zaro wuƙar wuyansa ya yanke. Giwan ruwa ya tafi da ƙugiya, ba gora a bayansa balle a bi shi. Tarwaɗa da karfasa kuwa tuni sun koma inda suka fito.

Maƙwabcin nan da aka gaya wa ne ya ga lokaci ya wuce, ya fito da jirginsa da fitila, ya tsinto su maƙale da reshen wata bishiya.

Gari ya waye Sajo yana kwance a bukkar Ubale, yana aman ruwa, jikinsa zafi rau. Aka kira maɗori ya ɗaure hannun da karare. Sajo ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

"Baba, yau ne kwana biyun. Ku ɗora ni a hanya ko da rarrafe ne."

"Ka tafi da me?" in ji Ubale a hankali. Bai ambaci fitilarsa ko ƙugiyoyinsa da suka salwanta ba. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Tsohon ya ɗauki ƙwarya ya bi bukkokin masunta, yana cewa ga baƙo, matarsa na jego. Wannan ya ba da kifi ɗaya, wancan biyu, mutanen da su ma 'ya'yansu ke kwana da yunwa. Ya kwana yana yi wa kifin hayaƙi. Washegari zazzaɓin ya ɗan sauka, ya ɗaura wa Sajo ƙunshin a baya, ya raka shi har bakin hanya.

Tafiyar yini guda ta zame masa yini da dare. Ya faɗi ya tashi ya fi a ƙirga. Duk inda ya zauna don ya huta, sai ya tuna da muryar Goggo, ya miƙe. Hantsi ya ɗaga lokacin da ya hango rugarsu.

Tun daga nesa ya kasa kunne. Bai ji kukan jariri ba. Ya gaya wa kansa barci yake yi.

Goggo tana zaune a ƙofar bukka. Ta dubi hannunsa, ta dubi ƙunshin da ke bayansa, ta sunkuyar da kai.

"Sai haƙuri, Sajo. Jiya da la'asar aka rufe shi."

Ya tsaya a inda yake. Ya yi salati, ya sake yi. Sannan ya kwance ƙunshin da hannu ɗaya ya miƙa mata, ya ce a dafa wa Rahamatu. Goggo ta hura wuta tana share ido da bakin zane.

Da romon ya nuna, shi da kansa ya shiga da shi. Rahamatu tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ya tashe ta zaune, ya riƙe mata ƙoƙon tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta ga kararen da ke hannunsa, ta tambaye shi abin da ya same shi. Bai ɓoye mata komai ba, har kifin da suka riga suka kama, har ranar da ya kamata ya iso.

Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani," in ji shi. "Na san haka ne."

Ya sani ɗin, kuma ya yarda. Amma har ya tsufa bai daina lissafa kwana biyun nan a ransa ba. Rahamatu ta shanye romon, ta sha na dare, ta sha na safe. A rana ta bakwai, ranar da za a raɗa suna, ta farka ta tarar gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono.

Darasi: Gwanintarka a fagenka ba ta bin ka zuwa fagen wani. In ka shiga inda ba ka sani ba, musamman ruwa, musamman da dare, ka bi maganar wanda ya san wurin ko da ta saɓa wa abin da ka saba. Kada ka shiga jirgi ba abin da zai ɗaga ka a ruwa, kada ka miƙe tsaye a cikinsa, kada ka ɗaura igiyar kifi a jikinka, kuma ka bar wa wani labarin inda za ka. In Allah ya ba ka abin da zai ishe ka, ka kai shi gida, akwai masu jiranka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu neman abinci a kan ruwa.