Fiffiken Mikiyar Kaka Edith

Akwai wata budurwa a garinmu na bakin teku, nan jihar Massachusetts, sunanta Lorna. In ka tambaye ta inda ta fara ganin Hollis, cewa za ta yi a cikin madubi.

Madubin kakarta ne, Kaka Edith, yana rataye a ɗakin cin abinci tun kafin a haifi mahaifiyar Lorna. Zagayayye ne, gilashinsa ya kumburo waje kamar bayan tasa, shi ya sa yake kwaso ɗakin gaba ɗaya ya nuna maka. A samansa an sassaƙa mikiya ta buɗe fikafikai, da wata tsinkakkiyar sarƙa a bakinta, an lulluɓe ta da zinariyar da shekara ɗari biyu ta dusashe. A ƙarƙashin wannan madubi Lorna ta ƙare ƙuruciyarta, tana karanta tsofaffin littattafan kakanta ɗaya bayan ɗaya, ba mai koya mata.

Ranar da ta fara ganinsa tana zaune da littafi, ta ɗaga ido, sai ta hangi wani ɗan mitsitsin mutum a cikin gilashin, ya cire hula yana goge takalmi a bakin ƙofa. Da ta juyo, ashe dogo ne.

Hollis mai gyaran tsofaffin kayan katako ne. Kaka Edith ce ta kira shi ya duba mata kayan gidan. Ya daɗe tsaye a gaban mikiyar yana duba ta.

“Wa yake kakkaɓe ta?”

“Ni ce,” in ji Lorna. “Da burushi mai laushi.”

“Allah ya yi wa hannun nan albarka. Amma ki riƙe mini magana ɗaya: ruwa ba ya taɓa wannan zinariya. Da ruwa aka manna ta, ruwa ne kuma yake ɗauke ta. Ko tsumma mai danshi kada a kawo kusa.”

Lorna ta riƙe maganar. Ta riƙe muryar da ta faɗe ta ma.

A lokacin Kaka Edith tana shirin komawa wani ɗan ƙaramin ɗaki a gidan tsofaffi. Sai ta yi yadda tsofaffinmu suke yi: ta sayo farin salatif da biro, ta ce kowane jika ya zaɓi abu uku, ta rubuta sunansa ta manna a bayan abin. Duk abin da ba a zaɓa ba, a kai shi gwanjo.

Da aka zo kan Lorna, madubin ne a bakinta, amma ya ƙi fita. Ta ce kabad ɗin littattafai, da fitila, da kujerar karatu.

“Shi ke nan, ’yar shiru-shiru?” Kaka ta tambaya tana kallonta ta saman tabarau. “Ba wani abin?”

“Shi ke nan, Kaka.”

A ranta ta ce, ai Kaka ta sani. Wanda ya san ka ba sai ka roƙa ba.

Ana haka yayarta Corinne ta iso daga Boston. Ita Corinne tun daga mota ake jin dariyarta. Ko jaka ba ta ajiye ba ta tsaya gaban madubin ta kumbura kumatu.

“Kaka, har yanzu wannan abin yana nan yana mayar da mutane kwaɗi?”

“Shi abin da ya gani yake nunawa,” in ji Kaka.

Bayan kwana biyu Lorna ta ɗan karkata madubin za ta kakkaɓe bayansa, sai ta ga farin salatif. Da rubutun Kaka mai karkarwa: CORINNE.

Ta mayar da shi a hankali, ta koma kujerarta. Ta buɗe littafi, ta yi awa guda a shafi ɗaya.

Tun suna yara haka ne. Corinne ta buɗe baki ta samu, Lorna ta yi shiru ta jira. Amma madubin? Wadda ba ta taɓa ɗaukar burushi ta share masa ƙura ba?

Abin bai tsaya nan ba. Hollis ya riƙa zuwa, kuma duk zuwan da zai yi sai Corinne ta raka shi bakin ƙofa. Lorna ba ta buƙatar juyawa, madubin yana kawo mata su. Ga su nan ’yan ƙanana a gefen gilashi, kai a haɗe, suna magana ƙasa-ƙasa, Corinne tana toshe baki tana dariya. In Lorna ta motsa, sai su yi tsit.

Abinci ya daina yi mata daɗi. Ko miyar kifin Kaka, wadda take ƙari sau biyu, sai ta juya cokali ta tashi.

Ranar Asabar da hantsi Corinne ta shigo da roba cike da ruwan ɗumi, da soso, da sabulun wanke-wanke. Ta sauke madubin ta kwantar a kan tebur.

“Hollis zai zo ya tafi da shi anjima, ba zan ba shi da wannan dauɗa ba, ya ce mu ƙazamai ne. Ke malama sarkin karatu, sabulun nan zai yi?”

Lorna ta ji maganar Hollis a kunnenta kamar yanzu yake faɗa. Kalma biyu kawai ake nema: kar ki. Ta dubi soson yana ɗigar ruwa. Ta tuna salatif ɗin. Ta tuna kawunan nan biyu a haɗe a gefen gilashi.

Ta mayar da idonta kan littafi.

“Ai naki ne, Yaya. Ki yi yadda kika ga dama.”

Sau uku Corinne ta goga. A na ukun ta ƙwalla ƙara.

Fiffiken hagu ya tashi daga zinariya ya koma jan yumɓun da ke ƙarƙashinta. Zinariyar tana yawo a saman ruwan robar, ɓurɓushi-ɓurɓushi.

Kaka ta dogaro sandarta ta shigo. Hollis ma ya iso daidai lokacin, hula a hannu. Corinne ta zube a kujera tana kuka.

“Na lalata mata! Wayyo, na lalata mata!”

“Wa kika lalata wa?” Lorna ta tambaya.

“Ke mana, wawiya! Ni me zan yi da madubin kwaɗi? Kaka ta ce mini kin ƙi zaɓarsa, gwanjo za a kai shi. Na san bakinki ba zai taɓa buɗuwa ba, shi ne na bar agogon da nake so na zaɓe shi. Na roƙi Hollis ya gyara sarƙar bakin tsuntsuwar a ɓoye, mu ba ki ranar haihuwarki. Shi kuwa wannan, ban da tambayar wane littafi kike so ba abin da yake damuna da shi!”

Kunnuwan Hollis suka yi ja. Ya sunkuya yana duba fiffiken, ya ce a hankali, “Laifina ne. Ban faɗa miki zancen ruwa ba, na ɗauka tunda na gaya wa…”

Sai ya tsaya. Ya dubi Lorna.

Corinne ta share ido ta ce, “Mantawa ta yi. Kanta na cikin littafi, ba ta ma ji ni ba.”

Ga hanyar fita an buɗe mata. Shiru kawai za ta yi, aikin da ta fi iyawa.

“Ban manta ba,” in ji Lorna. “Na ji ki sarai, Yaya. Na san ruwa zai cinye shi. Na ɗauka kin karɓe madubin, na ɗauka kin karɓe…” Ta kasa kallon Hollis. “So na yi ya lalace a hannunki.”

Corinne ta ɗauki robar ta fita, aka ji tana zubar da ruwan a kicin.

Kaka Edith ta girgiza kai. “Sau biyu na tambaye ki, ’yar nan. Ni tsohuwa ce, ba mai duba ba.”

“Zai gyaru?” Lorna ta tambayi Hollis.

“Zan shimfiɗa sabuwar zinariya. Amma tsohuwar ta tafi ke nan. Fiffiken nan zai fi ɗan’uwansa haske har ƙarshen rayuwarki, duk wanda ya shigo sai ya gani.”

“To, ya gani.”

Hollis ya juya hularsa a hannu. “Ganyen zinariyar da ake shimfiɗawa siriri ne, ko numfashi tashi yake da shi. Aikin yana son mataimaki mai shiru. Amma ba mai irin shirun da zai ga ina kuskure ya zuba mini ido ba.”

Lorna ta ɗaga madubin da hannu biyu ta jingina shi da bango. A cikin gilashin ta ga Kaka da sandarta, ga Hollis, ga kuma Corinne can gefe, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Wannan karon ba ta yi magana da gilashi ba. Ta juyo ta fuskance su.

“Yaya, ki yafe mini. Ina son madubin nan, tun ina yarinya nake sonsa. Hollis, ina so in zo in koyi aikin, kuma ba don aikin kaɗai ba. Na yi alkawari a gabanku: daga yau abin da na sani zan faɗa, abin da nake so ma da bakina zan nema.”

Darasi: Hassada ba sai ta ɗaga hannu take ɓarna ba, wani lokacin shiru kawai take yi, kuma sau da yawa abin da ta lalata naka ne ba ka sani ba. In kana son abu, buɗe baki ka nema. In ka ga ɗan’uwanka zai faɗa rami, buɗe baki ka tsayar da shi. Ku tura wannan ga wanda kuka san yana haɗiye magana, wataƙila yau ce ranar da ya kamata ya faɗe ta.