Gogen Arzika

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'a, kuma ba zan yanke ta ni kaɗai ba.

A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi an yi wasu makaɗan goge biyu, wa da ƙane, Nomau da Arzika. Shekara arba'in suna kiɗa tare, ba a taɓa jin ɗaya ba tare da ɗayan ba, kuma ba wanda ya taɓa naɗar kiɗansu a kaset. Da kaka ta yi, Arzika ya kwanta ciwon kwana uku, ya rasu. Daga ranar da aka kai shi makwanci, Nomau ya juya fuska ga bango, ya daina magana, ya daina cin abinci sai ɗan ruwan da ake ɗura masa. Likita ya duba shi ya ce jikinsa lafiya lau, zuciyar ce ta ƙi. Kowa ya ga tsohon nan bin ƙanensa zai yi.

Nomau yana da 'ya'ya uku: Sahabi babba, sai Balaraba, sai Mainasara. Suka zauna suka ce da mahaifinsu zai sake jin kiɗan nan ko sau ɗaya, wataƙila ransa ya dawo. To amma mai gogen ɗaya yana kabari, ɗayan kuma ya ƙi ɗaga hannu.

Sahabi manomi ne, yatsunsa ba su taɓa iya goge ba, abin da ya daɗe yana ci masa rai. Amma shi ne ya bi iyayen nan biyu gari gari tun yana saurayi. Akwai wani take da suke buɗe kowane wasa da shi, kuma ban da Nomau, duk duniya Sahabi kaɗai ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, da inda yake hawa, da inda yake sauka, da inda ake jan numfashi. Ya zauna ya rera shi da baki, yana yi yana share hawaye, har ya fito cif.

Mainasara kuwa a Kano yake, yana haɗa kiɗa a sitidiyo. Da can ni ma ina cikin masu cewa wannan ba sana'a ba ce, danne-danne ne kawai. Ya zo da kwamfutarsa, a cikinta akwai manhaja mai haifar da sauti ba tare da an taɓa wani abin kiɗa ba. Murya ɗaya tata siririya ce kamar kukan sauro. Amma ya san tsirkiyar goge ba gashi ɗaya ba ce, gashin doki ne da yawa aka haɗa. Sai ya bi taken da Sahabi ya rera, ya riƙa ɗora murya a kan murya, bakwai don gogen mahaifinsa, bakwai don na baffansa, yana gogewa yana rage kaifi, kwana huɗu yana abu ɗaya. Ya daidaita su duka a kan ma'auni guda, ba wadda ta kauce ko da ƙiris. Duk wanda ya ji ya ce wallahi goge ne.

Da hantsi suka kai lasifika ɗakin tsohon suka kunna. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi maganarsa ta farko cikin kwana ashirin.

"Ku kashe. Mutum ɗaya ne wannan."

Ya ja mayafi ya rufe kansa. Ranar ko ruwan ma bai karɓa ba.

Balaraba ba ta san take ba, ba ta san kwamfuta ba. Amma tun tana yarinya ita ke miƙa musu ƙaro idan za su ɗaure tsirkiya a tsakar gida, tana kallon hannuwansu. Ta ce, "Mainasara, ka daidaita su da yawa. Baffa bai taɓa yarda gogensa ya yi kai ɗaya da na Baba ba. In ya ɗaure har suka zo daidai, sai ya ɗan sassauta nasa. Na taɓa tambayarsa, ya ce ƙane ba ya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da wansa."

"Yaya, ai in na yi haka kuskure ne, kiɗan zai ɓaci."

"Yi kuskuren. Ni zan ce maka ya isa."

Ya kama muryoyi bakwai na baffan ya riƙa saukar da su a hankali. Ta ce bai kai ba. Ya ƙara, ta ce ya zarce, ya dawo kaɗan. Can sai sautin ya fara wata irin makyarkyata, gogen biyu suna haɗuwa suna rabuwa, suna sake haɗuwa. Balaraba ta dafe ƙirji ta ce, "Tsaya nan."

Suka koma ɗakin. Taken bai kai rabi ba tsohon ya yaye mayafi, ya juyo, ya ce, "Arzika." Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Da ya gama ya ce a dama masa kunu.

Nomau ya ƙara damina biyu a duniya. Da ajalinsa ya matso, ya sa aka sauko da gogen Arzika daga inda yake rataye, ya ce a ba wanda ya dawo masa da ƙanensa. Aka ce wanne daga ciki, Baba? Ya buɗe baki zai faɗa, rai ya yi halinsa.

Goge dai ba ya rabuwa uku, kuma har yau ba wanda ya miƙa hannu a cikinsu. To, jama'a, wanda ya riƙe taken, da wanda ya gina muryoyin, da wadda ta san inda za a sassauta, wane ne a cikinsu ya dawo wa tsohon nan da ƙanensa?