Nonon da Ya Raya 'Yar Zinatu

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, amma kada wanda ya katse ni sai na dire.

Wata mata ce, Zinatu, matar Ɗanjuma mai gyaran babur, ta haihu cikinta yana wata bakwai. Jijjiga ta kama ta wajen haihuwa, aka ciro jaririyar da ƙyar, ita kuwa ta kwanta ba ta san wanda ke kanta ba. Yarinyar ba ta fi cikin tafin hannuna biyu ba. Aka sa ta a kwalbar renon bakwaini a asibiti, aka ɗage suna sai abin da Allah ya yi. Nonon uwa bai zo ba, Ɗanjuma ya sayo madarar gwangwani, likita ta hana. Ta ce hanjin bakwaini bai yi ƙwari ba, madarar nan kan sa ya kumbura har ya ruɓe, ga shi cikin yarinyar ya fara ɗaurewa. Abin da zai kare ta shi ne nonon mutum, ko na wace mace ce, muddin an gwada jininta an ga lafiyarta ƙalau.

Ɗanjuma ya ce sam, hali a nono ake shan sa, 'yarsa ba za ta sha na wadda bai san asalinta ba. Uwarsa, Inna Tabawa, ita ta cusa masa wannan magana tun yana yaro, kuma tsohuwa ce da ba a taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. Amma da ta leƙa kwalbar ta ga jikarta tana numfashi da ƙyar, sai ta fito ta tare ɗanta a gaban surukai. "Ɗanjuma, in ka bar yarinyar nan ta mutu, ban yafe maka nonon da ka sha a ƙirjina ba." Nan take ya sauko, ya ce a ba ta.

To, na wa za a ba ta? A gadon da ke kusa da na Zinatu akwai Lantana, baƙuwa daga ƙauye, wadda jaririnta ya koma. Nono ya cika mata har yana ciwo, danginta sun kawo maganin busar da shi, mota na jiran ta a ƙofa. Ta ce a dakata. Ta zauna tana tatsa a kofi tana hawaye, ana ɗura wa 'yar wata ta wani siririn bututu. Cikin yarinya ya saki, ta yi kashi, matan ɗakin suka rangaɗa guɗa. Ni dai ban taɓa jin an yi wa kashin jariri guɗa ba sai ranar. Amma baƙin ciki bai bar Lantana ba, nonon ya yi ta ja baya har ya ɗauke, mijinta ya zo ya tafi da ita.

Yarinya ba ta kai fita daga kwalba ba, hankali ya sake tashi. Sai ga Maijidda, aminiyar Zinatu tun ƙuruciya, ta katse wankan jego a gidan iyayenta ta taho da ɗanta a goye, ta ce ita za ta ba da nata nonon. Ita da Zinatu sun daɗe da alkawarin haɗa 'ya'yansu aure, har Maijidda kan shafa cikin Zinatu ta ce, "Ina surukata?" Malamin unguwa ya tuna mata cewa ko a kofi aka ba da nonon, yarinyar ta zama ƙanwar 'ya'yanta duka, aure ya haramta har abada. Maganar ta soke ta, don burinta ke nan a duniya. Ta share ido ta ce, "Malam, gara in samu 'ya mai rai da suruka a kabari." Ta riƙa raba nonon ɗanta biyu har Zinatu ta farfaɗo, nata ya zo.

Aka sallamo su, yarinya ta yi kumatu, hanji lafiya lau. Ɗanjuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya da godiya. Ya ce sunan wadda ta ceci 'yarsa zai sa mata, Zinatu ta zaɓa. Zinatu ta buɗe baki sai kuka. Da tsohuwa ba ta tanƙwara ɗanta ba, ko ɗigo ba zai shiga bakin yarinyar ba. Lantana ta ba da abincin ɗanta da ya mutu a lokacin da ciwon ya kawo kai. Maijidda kuwa ta binne burinta da hannunta, ta riƙe yarinyar har ta tsallake.

Ga rago a ɗaure, liman ya zauna, sunan kuma guda ɗaya ne. To, ku faɗa mini, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?