Jan Yatsun Rahila

Akwai wata mata a Maje, nan gefen Suleja, ana ce mata Maman Khamis. Tana da gidan haya, cikin 'yan hayar akwai wata Rahila, mai shiru-shiru.

Sana'ar Rahila yin katin gaisuwa mai furanni. Takardar naɗe kyauta da mutane suka yar take tsincewa, ta goge da dutsen guga, ta yanka, ta murɗe a tsinken tsintsiya. Sai ta tsoma bakin kowane fure a ruwan zoɓo mai kauri ya yi ja. Shi ya sa kullum yatsunta jajaye.

Maman Khamis ba ta raga mata.

"Rahila, ke da bola dai! Dubi hannu kamar kin yanka kaza."

Rahila sai dai murmushi. "Mama, abin da Allah ya ba ni ke nan."

Ana nan aka yi wa Madam Bukola aiki a asibiti, ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwa. Kowa zai je dubiya da lemo da madara, Maman Khamis kuwa so take ta fita daban. Ta sayi kati wurin Rahila. A hanya ta ɓare 'yar takardar bayansa mai sunan Rahila, ta yar.

Madam Bukola ta shafa furen. "Kai, wannan ya yi kyau o! Ina kika saya?"

Mata suka zubo ido. Bakin Maman Khamis ya riga hankalinta.

"Saya? Ni na yi da hannuna."

"To madalla! Ran Asabar a mitin ki koya mana. Opeyemi 'yata za ta yi aure, irinsa hamsin nake so."

Wallahi daga ranar tuwo ya daina wuce wa Maman Khamis. Ta sayo almakashi da gam, ta kulle ɗaki tana gwadawa. Duk wanda ta yanka sai ya fito kamar ɓawon albasa. Ga ɗakin Rahila taku biyar, amma girman kai ya hana ta ƙwanƙwasawa.

Asabar ta zo. An shimfiɗa tabarmi, mata sun fi ashirin. Maman Khamis ta ɗauki almakashi. Ta yanka, ta ɗaga.

Wata ta ce, "Hajiya, fure ne wannan ko kunnen akuya?"

Aka kwashe da dariya. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

Sai ga Rahila ta taso daga can baya, ta durƙusa gefenta.

"Mama, ai tabarau ɗinki kika manta a gida. Kawo in riƙe miki, ke ki riƙa faɗa."

Ta yanka, ta murɗe, kowane ɗaya sai ta ce, "Haka ne, Mama?" Maman Khamis na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Can Rahila ta zaro 'yar kwalbar zoɓo daga jakarta.

Nan Maman Khamis ta gane. Ashe labari ya je wa Rahila tun tuni. Ta san an cire sunanta, kuma ta taho da shirin rufa wa wadda ta cire shi asiri.

Madam Bukola ta dubi yatsun Rahila, ta dubi na Maman Khamis.

Wannan kallon ya fi mari zafi. Maman Khamis ta ɗaga hannayenta biyu.

"Jama'a, ku dubi hannuna, ku dubi nata. Ban iya ba. Katin na Rahila ne, ni na ɓare sunanta. Rahila, ki yafe mini."

Ta kasa ɗaga ido daga tabarma.

"Haba Mama, ya wuce," in ji Rahila.

Madam Bukola ta ce, "To Rahila, aikin naki ne."

"Hamsin sun yi mini yawa ni kaɗai, Madam. Sai dai in Mama za ta taya ni."

Sati biyu Maman Khamis na zaune a ƙofar ɗakin 'yar hayarta, ana koya mata riƙon almakashi. Furen da ta yi mai kyau bai fi uku ba. Amma aiki ɗaya ta ce ba wanda zai yi sai ita. Da hannunta ta manna sunan Rahila a bayan katin nan hamsin, ɗaya bayan ɗaya.

Ran biki wata ta kama hannunta. "Hajiya, kaza kika yanka?"

Ta dubi jan yatsunta, ta sunkuyar da kai. "A'a. Makaranta na shiga."

Darasi: Kada ki raina sana'ar mutum, kada kuma ki ci yabo da gumin wani. Wadda kika raina ɗin, wata rana ita za ta rufa miki asiri. 'Yan uwana, ku tura wa wasu su ma su amfana.